Bugu Biyu na Aiki Ne

Litinin, da hantsi

Fayil ɗin jiya ya iso. Bugu biyu ne a farkonsa. Na ƙara girman hoton har layin ya cika allon kwamfuta, biyu ne dai.

Yaya ce ta kawo min littafin nan, wai tunda bakina ya ƙi buɗewa, hannuna ya yi magana. Ban san me take so in rubuta ba. Bari in rubuta aiki, shi na iya.

Kamfaninmu lafiyar titi yake aunawa. Muna da wata farar mota, an ɗaure mata akwatin ƙarfe a baya. A cikin akwatin akwai leza mai kallon kwalta, da wata na'ura mai jin girgiza. Mota tana tafiya suna rubuta duk abin da suka ji, da yamma a turo min. Matsalar na'urar nan, ba ta san abin da ya shafe ta da wanda bai shafe ta ba, kamar maƙwabciya mai baza kunne. Inji ya yi rawa ta rubuta, noti ya kwance ta rubuta, leda ta gifta ƙarƙashin leza ta rantse rami ta gani. Duk abin da ba titi ne ya faɗa ba hayaniya muke ce masa, kuma ni ce mai tace shi. Mai Rariya suke kirana a ofis. In na tsananta tacewa sai in share ramin gaske, a ce titi lafiya lau alhali yana cin tayoyin mutane. In na yi sakaci kuma, a fasa kwalta mai kyau don kawai inji ya yi tari.

Direban farar motar mijina ne. Da masu zuwa gaisuwar rashin da muka yi suka ɗauke ƙafa, shi ma ya ɗauki jakarsa ya nemi aikin titunan nesa. Ba wanda ya tura shi. Ba mu yi faɗa ba. Wannan ne ma abin da na kasa yi wa Yaya bayani.

Talata, da yamma

Biyu.

Ya kamata in faɗi mene ne bugun nan, ko don littafin ya gane. Kafin mota ta tashi, direba yakan zagaya baya da sifana ya ƙwanƙwasa akwatin sau biyu. Bugun yana fitowa a kan layi kamar ƙusoshi a tsaye. Da su nake sanin na'ura tana da rai, kuma daga nan awo ya fara. Kowane direba biyu yake yi. Shi kuwa muna sabon aure ya ƙara ɗaya. Na kira shi a waya ina masifa, na ce akwatin nan ya fara kwancewa, ku ba ku da ido ne? Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Biyu na aiki ne, Malama. Na ukun naki ne, sai ki tace shi in kin ga dama."

Ban tace ba. Nakan yanke farkon fayil in ajiye gefe, in miƙa wa ofis sauran.

Da Aku ta zo duniya suka zama huɗu. Ba sunanta ba ne, amma tun da ta ɗauki magana ba ta ajiye ba, sunan ya bi ta har makaranta. In an tashe su nakan ɗauko ta mu dawo ofis, ta haye cinyata ta dangwala yatsa mai maiƙo a allo. "Wannan na Injiniya, wannan ma na Injiniya, wannan na Mama, wannan nawa. Nawa ya fi tsayi!" Injiniya shugabanmu ne a ofis. Kullum nata ya fi tsayi, da gangan yake ƙara masa ƙarfi.

Har yanzu akwai shatin yatsa a gefen allon. Na hana mai shara gogewa, ta kalle ni kamar na fara taɓuwa.

Laraba, da safe

Na dafa shayin mutum uku. Ban lura ba sai da na jera kofuna.

Alhamis, da yamma

Tun daga tsakiyar fayil ɗin jiya wani ɗan tsini yake tashi, ya faɗi, ya tashi, tazararsa ba ta canjawa. Titi ba ya lalacewa da tsari haka. Na auna tazarar, ta zo daidai da zagayen taya. Tsakuwa ce ta maƙale. Zan iya cire ta a nan kan tebur, amma in aka bar ta a taya gobe ma sai na sake, don haka dole a kira su.

Na daɗe ina kallon lambarsa. Sai na kira Dogo, abokin tafiyarsa mai zama a gaban kwamfutar mota.

"Anti, ina wuni? Ga Oga nan kusa da ni, in miƙa masa?"

"A'a, bar shi ya huta. Ka ce ya duba tayoyin baya, akwai tsakuwa."

Na ji Dogo yana maimaitawa. Na ji an buɗe ƙofa, an yi shiru, can daga nesa sai muryarsa: "Ka ce mata ga ta nan, na cire."

Ka ce mata. Shekara da shekaru Maman Aku yake kirana, yanzu bai san da me zai kira ni ba. Ni ma ban san da me zan kira shi ba, shi ya sa a nan nake ta rubuta shi, shi.

"Dogo, yana cin abinci kuwa?"

Ya rage murya. "Yana taɓawa, Anti. Amma masaukin da aka kama mana ni kaɗai nake kwana a ciki. Shi a mota yake kwana, wai gadin akwati yake yi."

"Wa zai saci akwatin da ku biyu ma ba ku iya ɗagawa?"

"Abin da na ce masa ke nan. Ya ce in ji da tsayina."

Na yi dariya, muka yi sallama.

Asabar, da la'asar

Yaya ta zo da kwali. Ban tambaye ta na mene ne ba, na gane. Ta fara da falo, tana kakkaɓe labule tana ba ni labarin ciwon gwiwarta, tana matsowa sannu a hankali wajen ƙofa inda ƙananan takalman suke. Na makaranta a jere, silifas kuma ɗaya a kife, yadda aka tuɓe shi da gudu.

"Ajiye min su, Yaya."

"Ƙanwata, ba zubarwa zan yi ba. Ɗagawa kawai, ki daina tuntuɓe da su."

"Ina son tuntuɓen."

Ta zauna a hannun kujera, kwalin a cinyarta. "To shi fa? Har yaushe? Mutum ya bar mace ita kaɗai a gida kamar an ba ta gadi. In ke ba za ki kira shi ba ni zan kira, in wanke shi tas."

"Yaya, in kika kira shi, ni da ke ne."

Ta tafi da kwalinta ba komai a ciki. Na ji haushin kaina, don da wannan gwiwar ta hawo motar haya biyu ta zo.

Gidan nan ya yi tsit. Firji ne kaɗai ke magana. Ni da nake cin abinci da kashe hayaniya, da za a ba ni aron ta yini guda da na gode: kofi ya faɗi, rediyo yana kururuwa ba mai saurare, shi yana waƙa marar daɗi a banɗaki, ita tana bakin ƙofa tana gyara masa baiti. Ina kewarsu. Ga shi na rubuta, Yaya, kin ji daɗi? Ina kewarsu su biyun, kuma ɗayansu yana da waya.

Litinin, da rana

Injiniya, shugaban sashenmu, ya tara mu. Sabuwar manhaja ta iso, ranar Juma'ar makon gobe za a ɗora ta a kwamfutar mota. Ita za ta riƙa tacewa tun a hanya, abin da zai iso teburina tatacce ne, dubawa kawai zan yi in sa hannu. Yana bayani yana murna kamar ya sayi sabuwar mota. Duk tsinin da ya tashi shi kaɗai, ba maƙwabci a gaba ba maƙwabci a baya, manhaja za ta ɗauke shi hayaniya ta shafe.

Na ce, "Yallaɓai, bugun gwaji fa?"

"Ba ma buƙatarsa kuma, ita take gwada kanta. In ma sun buga ba za ki gani ba."

"To ɗanyen fayil ɗin, a riƙa turo min shi ma."

"Nauyi gare shi, Malama. Ai dalilin kawo abin ke nan."

Mutumin kirki ne, ba laifinsa ba ne. Da aka watse ya tsayar da ni a baranda, yana ta gyara zaman tabarau.

"Game da canjin wurin aiki da maigidanki ya nema, na ce masa sai ya gama babban titin garin nan tukuna. Daga nan in yana kan bakansa, zan bar shi ya koma reshenmu na can nesa."

Na ce, "Haka ne, Yallaɓai," kamar da ni aka yi shawarar.

Reshen can ba a zuwa a dawo a mako. Na shiga banɗaki na kunna famfo.

Talata, da yamma

Biyu. Ya nemi a mayar da shi can, bai gaya min ba, sannan ya zagaya bayan mota hankali kwance ya buga biyu. Da na gan shi yau, da sifanar nan zan rotsa masa kai.

Laraba, da la'asar

Ba na so in rotsa masa kai.

Akwai wani layi da ba kowa ke kallo ba, layin gudun mota. Shi ba ruwansa da titi, ƙafar direba yake nunawa, kuma na san ƙafar nan. In hankalinsa a kwance yake, layin yakan miƙe kamar an ja shi da rula, sittin cif. In yana jin barci sai ya riƙa lilo. In Dogo ya ishe shi da labarin ƙwallo sai in ga ya ɗan taka, kamar zai guje wa mutumin da ke zaune a gefensa. A fayil ɗin jiya tun safe layin yake lilo. Ga kuma wani wuri da ya tsaya a tsakiyar daji, ba gari ba gidan mai, ya jima, sannan ya ci gaba. Me ya tsaya yi? Na zauna ina ta kallon wurin kamar zai buɗe baki. Aikin da nakan gama kafin azahar ya kai ni yanzu.

Bayan waccan Juma'ar wannan layin ma ba zai zo ba. Lamba ɗaya za a turo, matsakaicin gudu.

Alhamis, da yamma

Ruwa ya tare su. Leza ba ta aiki a jiƙaƙƙiyar kwalta, hasken tarwatsewa yake yi, ta dawo da shirme. Yau ba fayil.

Na gyara tebur, na feƙe fensir ɗin da ba na amfani da shi, na duba akwatin saƙo har yarinyar da ke teburin gefe ta ce, "Anti, ko wani abu kike jira?" Na ce a'a. Ashe biyun nan ma da nake rainawa su ne suke tashe ni da safe.

Juma'a, da safe

Dokar aiki ce, in ana awo a kashe waya, domin tana zuba wa na'ura hayaniya. Duk direbobi suna kashewa. Ranar da muka rasa Aku ma wayarsa a kashe take tun safe har yamma, kamar kullum. Da ya fita zazzaɓi ne kawai, har ta bi shi bakin ƙofa ta ce ya sayo mata balan-balan. Na kira, na kira, na kira. Da ya kunna ya taho, ya iske ni a barandar asibiti da rigar sanyinta a hannu.

Ban ce masa komai ba. Wallahi ban ce ba, kuma ban riƙe shi da komai ba. Wataƙila da na yi ihu na ci kwalarsa, da ya fi masa sauƙi. Shirun nan nawa ya ɗauka ya cika shi da abin da ya ga dama.

Ba zan sake rubuta wannan ba.

Lahadi, da magariba

Sun shigo gari, Dogo ya turo min saƙo. Motar tana garejin kamfani, shi ma yana can.

Na share gida, na canja zanin gado, na dafa abin da ya fi so. Yaya ta zo ta cinye rabi tana hararata, ta ce ba za a yi asarar nama don mai taurin kai ba. Sauran yana tukunya.

Litinin, da yamma

Aikinsu na ƙarshe shi ne babban titin garin nan, wanda ya wuce ta bakin layin gidanmu. Fayil ya iso da wuri. Biyu a farko. Layin gudu ya miƙe sambal, sittin, ya wuce gidan mai, ya wuce gada, sai kawai ya sulale ƙasa kamar taya ta sace, har ya kusa taɓa sifiri. Ya ɗan ja jiki a haka, sannan ya sake hawa.

Na'urar girgiza ba ta son tafiyar hawainiya. In mota ta rage gudu sosai sai ta rikice, ta zana tudu da kwari inda babu su. Wannan ba irin hayaniyar da rariya take cirewa ba ce, wurin ya lalace ke nan, sai an sake bi.

Na ɗauka cunkoso ne ya tare su. Na ɗora wurin a kan taswira. Bakin layinmu ne, daidai rumfar mai faci, inda ake karya kwana a shigo.

Na aika wa Injiniya cewa a sake. Sau uku ina gyara kalma biyun nan.

Talata, da yamma

An sake. Ya sake rage gudu. Wuri ɗaya.

Dogo ya hawo ofis da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Anti, wallahi ba komai a gabanmu. Ba akuya, ba mashin, titi fayau. Ina ce masa Oga riƙe sittin, Oga riƙe sittin, sai in ga allura tana sauka. Har hannunsa ya kai kan sigina."

"Ya kunna?"

"Bai kunna ba. Da muka wuce na yi masa magana, ya ce wai shi bai ma san ya rage ba."

Allah ya yafe min. Fayil ya lalace, an ƙona mai a banza, yini ya tafi, ni kuwa na sauko matakala ina jin kamar in yi tsalle. A bakin layi na tsaya ina kallon kwaltar, har mai faci ya tambaye ni ko na yar da wani abu ne.

Laraba, da azahar

Injiniya ya kira ni ofishinsa.

"Malama, ɗan guntun wuri ne fa. Ki yanke shi, ki haɗa wannan bakin da wancan, ki lallaɓa layin. Ba wanda zai ce uffan."

"Ba zan iya ba, Yallaɓai. A daidai wurin aka taɓa haƙa ramin bututun ruwa aka mayar, kwaltar ta lotsa. Kullum ta nan nake bi. In na shafe wurin, har da gaskiya na shafe."

Ba ƙarya na yi ba, lotsawar tana nan, masu mashin suna kauce mata. Amma ba ita kaɗai ce ta hana ni ba, kuma ina jin ya sani.

"To bari in ba wani direba."

In wani ya bi titin nan, aikin mijina a garin nan ya ƙare, sai dai in ji ya wuce can.

"A ba shi gobe, Yallaɓai. Ni zan zauna a gaban kwamfutar mota in ga abin da ke faruwa."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Dogo fa?"

Ashe Dogo yana laɓe a baranda. Ya leƙo yana dafe da kunci. "Yallaɓai, ni dama haƙori ne ya sa ni gaba tun jiya."

Da safen nan na gan shi yana tauna ƙanƙara.

Alhamis, da magariba

Ya rame. Wuyan riga ya yi masa yawa, ga gemu ya bari. Da ya gan ni a gareji ya tsaya cak da sifana a hannu.

"Ina kwana," na ce.

"Lafiya lau. Ina gajiya?" Kamar ni da mai gadin ofis.

"Dogo yana ciwon haƙori."

"Na ji."

Na shiga na kunna kwamfuta. Motar duk ƙamshinsa ne, sabulun nan da man inji. Bargonsa yana naɗe a bayan kujera. A aljihun ƙofa na ga ledar balan-balan, ba a buɗe ba. Na mayar da idona kan allo.

Ya zagaya baya. Tun da nake aikin nan ban taɓa jin bugun a jikina ba sai yau, ya biyo ta kujera ya shiga bayana, ina kuma kallonsa yana tashi a allo. Ɗaya. Biyu. Ta madubi na hango shi a tsaye, sifana a sama, bai sauke ba. Na riƙe numfashi. Sai ya sa ta a aljihu.

Muka kashe wayoyinmu, ba wanda ya kalli wani.

Aikina in riƙa faɗin gudu, na riƙa faɗa. "Sittin. Sittin. Riƙe haka." Gidan mai ya wuce, gada ta wuce. Na hango rumfar mai faci. Na ce, "Sittin," amma ƙarya nake yi, allura ta riga ta fara sauka. Allon ya yi ja yana ƙara, na sa hannu na kashe ƙarar. Jijiyoyin hannunsa sun tashi a kan sitiyari. Mota tana tafiya kamar ana tura ta, wani mai tifa a bayanmu yana ta danna ham.

Na ce, "Ka kunna sigina mana, kada na baya ya murƙushe mu."

Ya kunna. Ya karya kan mota ya shiga layinmu.

Ban kashe na'ura ba. Layinmu da ba kwalta sai ramuka, leza tana ta rubutu kamar ta haukace, layi yana tsalle har yana fita daga allo. Na ce, "Yau Injiniya zai sha mamakin babban titi." Ya yi wani sauti ta hanci, guntun dariya, na farko da na ji tun wancan lokacin.

A ƙofar gida ya tsaya, bai kashe inji ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar.

"Takalmanta suna nan?"

"Suna nan inda ta bar su."

"Da na kunna wayar nan ko sau ɗaya..."

"Da ka kunna, da ka zo ka tsaya kusa da ni muna kallon bakin likita. Abin da zai canja ke nan. Ni ban taɓa ɗora maka ba. Kai ka ɗora wa kanka, ka tafi ka bar ni ni kaɗai da takalma!"

Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. Ya kifa goshi a kan sitiyari. Na ɗora hannu a bayansa, ƙasusuwa kawai. Na ce ya shigo ko ruwa ya sha.

"Ba zan iya ba yau."

"Can ɗin fa? Tafiya za ka yi?"

Ya sa ribas.

Muka koma gareji. Na hau motar haya na dawo, na iske shatin tayarsa a ƙofar gida. Na bi ta gefe don kada in taka.

Juma'a, da la'asar

An ɗora manhaja da safe. Injiniya ya ce dama ta ƙarshe ce ya ba shi, shi da Dogo, wanda haƙorinsa ya warke cikin ikon Allah.

Fayil ya iso. Ban taɓa ganin mai tsabta irinsa ba. Farkonsa sumul, ba ƙusa ko ɗaya, ban san ko ya buga ba, balle in san nawa. Matsakaicin gudu sittin. A bakin layinmu ga 'yar lotsawar bututun ta fito ɗas yadda na faɗa, ba inda ya lalace. Ke nan bai rage ba. Ya wuce bakin layinmu da sittin cif.

Injiniya ya leƙo yana murmushi. "Kin gani ko? Ko taɓawa ba sai kin yi ba." Na ce madalla, na sa hannu. Aikin garin nan ya ƙare.

Abin da ake biyana in nema ke nan ai, titi ya faɗi nasa ba kowa a ciki. Na ɗauki tsumma zan goge gefen allon, na kasa, na ajiye.

Asabar, da hantsi

Jiya bayan magariba ina zaune a falo ban kunna fitila ba, na ji an ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu. Na ce maƙwabciya ce, in ta gaji ta tafi. Sai na ji na uku. Na miƙe, na tsaya a tsakiyar falo. An jima, har na fara cewa kunnena ne. Sannan na huɗu ya zo, da ƙarfi, ya fi sauran.

Yana da makulli fa.

Da na buɗe yana tsaye da jakarsa, bargo a kafaɗa, ledar balan-balan a hannu.

"Maman Aku," ya ce. "Na ga in ban wuce da sittin ba, titin nan ba zai sake ni in shigo ba."

"Can ɗin fa?"

"Na ce wa Injiniya ya manta."

Ya shigo ya yi tuntuɓe da takalman. Ya durƙusa a wurin, na durƙusa kusa da shi. Abin da ya biyo baya ba na littafi ba ne, Yaya.

Yanzu yana kwance a doguwar kujera, rana ta ɗaga bai motsa ba, yana minshari kamar tsohuwar tifa a kan tudu. Na manta minsharinsa yana da ƙarfi haka. Na je na kashe firji don in ji sosai.